Kwano Bakwai Yake Ci, Ɗaya Ne Nawa

Tanti Haske, don Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wannan har ƙarshe ko da ta yi tsawo. Rabona da dogon rubutu tun ina lakwal, wato makaranta. Magana ce da ba ni da wanda zan gaya wa a garinmu, don in ka faɗa wa mutum ɗaya da safe, kafin azahar ta riga ka zuwa bakin rijiya.

Ni matar aure ce a wani gari na ƙasar Kurfai, ba nisa da Tabla. Mun daɗe tare da maigidana, har mun fara ganin jikoki. Manomi ne, da rani kuma yana dillancin bisashe a kasuwar Filinge da ta Bonkuku. Ƙaƙƙarfan mutum ne da bai taɓa kwanciya don ciwo ba, kuma yana alfahari da hakan fiye da yadda yake alfahari da rumbunsa.

Bara da kaka, ana tsakiyar yankan hatsi, sai ga shi ya dawo gida da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce ƙeyarsa ta yi nauyi, idonsa na ganin duhu-duhu, amma wai zafin rana ne. Na ce to, na ji rana ce, amma tunda Filinge za ka ran kasuwa, mu biya likita. Da ƙyar da siɗin goshi ya yarda, ni ma na bi shi don na san halin kayana. Majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, ya ɗaura masa abin awo a damtse, ya kwance, ya sake ɗaurawa, ya ce mu dawo wata kasuwar. Da muka koma ya sake aunawa, sai ya ce tansiyo ce, hawan jini, kuma ta hau ba kaɗan ba. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce a rage gishiri, a rage mai. Sannan ya dube ni ya ce rabin aikin yana hannuna. Ni ko na ɗauki maganar da gaske.

Dole in ɗauka da gaske, Tanti, saboda wansa Zaidu. Shekarun baya ya faɗi a bakin masallaci, ɓarin jikinsa ya shanye. Aka ce iska ce ta buge shi, aka yi ta hayaƙi da shafe-shafe, sai daga baya aka gane tansiyo ce. Yau yana kwance a ɗaki, matarsa Basiratu ke juya shi, ke ba shi kunu da ludayi. Nakan je in kama mata wanki. Mutumin da muryarsa ke cika kasuwar shanu, yanzu in yana son ruwa sai dai ya nuna randa da ido. Duk ran da na dawo daga gidan nan tsoro nake ji, tsoro ƙwarai.

To ga inda gizo ke saƙar. A unguwarmu maza ba sa cin tuwon dare a cikin gida, ciyayya ake yi. Bayan magariba kowane magidanci zai fito da kwanonsa zuwa ƙofar gidan Baba Kailu, dattijon unguwa, a shimfiɗa tabarma a jera kwanoni. Baba Kailu ke buɗewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu a cinye, sannan a jawo na gaba. Su bakwai ne. Gurbin da maigidana ke zama, nan mahaifinsa ya zauna har ya bar duniya. A kan tabarmar nan ake shirya gayya, a nan ake kashe rikicin iyakar gona, a nan ake sanin wa zai aurar da ɗiya bana. Wanda ya bar fitowa, to ko fushi yake da wani, ko rumbunsa ya ƙare, ko ciwo ya kwantar da shi. Mutanenmu ba su san wani dalili bayan waɗannan ba.

Kuma kowa ya san kwanon kowa, ko a duhu. An ce yabon kai jahilci, amma gaskiya ba a ɓoye ta: Baba Kailu kan ture nawa gefe, ya ce a bar shi ƙarshe don a tashi da daɗi a baki. Matan unguwa sun san haka. Wasu na taya ni murna har zuci, wasu iyakar leɓe.

Ranar da na fara rage gishiri miyar kuka na yi, na ɗan barbaɗa kamar mai jin tsoron tukunyar. Kwanon ya dawo da fiye da rabi. Tanti, tunda aka kawo ni gidan nan kwanona bai taɓa dawowa da saura ba, balle in kai wa kaji. Sai da safe na matsa wa maigida ya gaya mini. Ashe Issa ne, taubashinsa, wanda bakinsa ba shi da linzami, ya ɗaga kai a gaban kowa ya ce: "Gishiri ya ƙare gidanku na, ko uwargida hushi takai da mu?" Aka yi ta dariya, shi ma ya taya su, amma na san dariyar ba ta kai ciki ba.

Ban gama haɗiye wannan ba, sai ga Balkisa matar Issa ta shigo da ƙullin gishiri a bakin zanenta. Ta duba hagu ta duba dama, ta tura mini ƙarƙashin faifai, ta ce kada in ji kunya, kowa na shiga matsi, bana kaka ba ta yi wa kowa daɗi ba. Wallahi da zuciya ɗaya ta yi. Na karɓa na yi godiya, ni da ke da rabin buhun gishiri a ɗaki. Da ta fita na rasa kuka zan yi ko dariya, sai na yi duka biyun.

Ban yi mata bayani ba ne don maigida ya hana. Ya ce ko 'ya'yanmu maza kada su ji. Hujjarsa ita ce in maganar ta fita, za a fara yi masa irin gaisuwar da ake yi wa Zaidu. Ran gayya a ce masa zauna inuwa ka huta. A kasuwa kuma mai bisa ba zai damƙa igiyar sansa ga mutumin da ake raɗe-raɗin zai iya faɗuwa ba. Na yi magiya, ya ce da ni: "Ba a yi min sannu ina tsaye bisa ƙahwahuna." Daga nan ya rufe zancen.

Sai na nemi dabara, tunda mace ba ta rasa ta. Na bar gishiri a ragensa, na ƙara dunƙulen ɗanɗanon miya na kanti, inda nake jefa biyu na koma huɗu. Na ƙara kanwa a miyar kuka da ta kuɓewa don su yi yauƙi, na ƙara a wake don ya yi saurin nuna. Kanwa kuwa ba ta yi mana wuya, daga Dallol ake kawo mana ita har ƙofar gida. Kwanona ya koma dawowa fes kamar an wanke, bakin Issa ya mutu. Na ce alhamdu lillahi, ga lafiya ga mutunci. Kullum da safe ina dama masa kunun kanwa, tunda tun kaka da kakanni an ce tana wanke ciki.

Watan jiya muka koma awo. Tansiyo tana nan inda muka bar ta, har ta ɗan ƙara. Majo ya tambaye shi ko yana shan magani, ya ce yana sha. Ni na san ran da ƙeya ta yi nauyi yake sha, in ta sake shi ya ajiye, wai kada jikinsa ya saba. Amma ban iya ƙaryata shi a gaban mutane ba. Aka tambaye ni ko na rage gishiri, na ce na rage, kuma Allah ya sani ban yi ƙarya ba.

A hanyar dawowa, ina bayansa a kan moto, wato babur, sai abin ya faɗo mini. Kwano bakwai mutumin nan yake sa wa hannu kowane dare, ɗaya ne nawa. Ko da ruwan zamzam na dafa, sauran shidan fa? Matar Sule, ɗaya daga cikin mazan, in ta zuba gishiri sai ka ce raƙumi za ta bai wa. Bayan tuwo kuma a ɗora shayi, na farkon nan mai ɗaci, da sukari kamar kyauta aka samo. Ga goro, ga 'yar tabar gari da yake haɗawa da kanwa ya matsa a leɓe.

Tanti, na riga na yanke ba zan naɗe hannu ina kallo ba. 'Yata Halima, ita kaɗai na gaya wa, ta ce in bar wa Allah. Na ce da ita ai Allah ya ce tashi in taimake ka. Hanya biyu nake gani. Ko in daina fitar da kwano, in ajiye masa tuwonsa a ɗaki, in tsaya a zaure in ce ba inda za shi, duk abin da zai faru ya faru. Ko kuma in bi gidajen nan shida ɗaya bayan ɗaya, in gaya wa matan gaskiya, in roƙe su su rage gishiri don darajar zumunci. Na san duk wadda na bi ransa zai ɓaci, watakila har ya ce in je gida in huta. Na yarda. Gara ya yi fushi da ni yana da lafiyar yin fushin. Ke dai ki gaya mini wacce ce mai ɓullewa, don ɗaya daga ciki zan bi.

Taki,
Mai Kwano Ɗaya, daga ƙasar Kurfai

*

'Yar'uwata Mai Kwano Ɗaya,

Sannu da ƙoƙari. Na yi dariya wurin gishirin Balkisa, na ji tausayi wurin Zaidu. Maigidanki ya yi dace da mace, ko da yanzu ba zai yarda ba. Amma kafin mu je kwanonin mutane, bari mu leƙa naki, kuma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa.

Gishirin bai bar tukunyarki ba, riga kawai ya sauya. Abin da likitoci ke gudu a cikin gishiri yana nan cikin kanwa, kuma dunƙule mafi yawansa gishiri ne. Ba laifinki ba ne. An ce miki gishiri, kika rage gishiri, ba wanda ya zauna ya lissafa miki danginsa. Yanzu da kika sani, kunun kanwa ya koma kunun tsamiya. Wake ki jiƙa shi tun da wuri, zai nuna ba sai da kanwa ba. A miyar yauƙi in ta kama dole, ɗan mitsitsi ya isa. Dunƙule ki dawo da shi ɗaya, in an kwana biyu rabi. Daɗin miya ki nemo shi wurin daddawa mai kyau, albasa, tafarnuwa, citta, tattasai, busasshen tumatir da yakuwa. Abin da ya kunyata ki a karon farko shi ne yankewa lokaci guda. Harshe yana sabawa, amma sai an bi shi a sannu. Ki riƙa ragewa kaɗan-kaɗan cikin 'yan makonni, kuma duk gidan ku ci iri ɗaya, don 'ya'yanki ma jininsa ne da na Zaidu.

Kin manta kuma cewa safe da rana duk a hannunki suke. Fura da nono ba sukari, kopto, wato kwaɗon zogale, dambu da ganye da yawa, wake, da duk ɗan itacen da lokaci ya kawo. Man shanu da kitse a ja musu hannu. Ran kasuwa ki ƙosar da shi kafin ya fita, don yajin da ake barbaɗa wa gasasshen nama cike yake da gishiri da dunƙule. Shayi kofi ɗaya mara kauri, goro ɓari ɗaya. Taba kam ba ta da rangwame, barinta ne magani. Da damina gona na motsa masa jini, da rani ne moto ke zaunar da shi, sai ya riƙa takawa da sauri kamar rabin awa a yini, ko da zuwa duba bisashe ne.

Maganar ƙwaya ta fi duk wannan gaggawa. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo, nauyin ƙeya ba ma'auni ba ne. Mutum na iya jin garau jininsa na sama. Kullum ake sha, ko da ciwo ko babu, kuma majo ne kaɗai zai rage ko ya sauya. In kun koma awo a gaya masa gaskiya duka, har da kanwar, har da tsallaken shan ƙwayar. Kada maigida ya riƙa sayen maganin ciwon jiki wurin masu talla, wasunsu na ƙara hawan jini. Kuma in kika ga baki ya karkace, ko harshe ya yi nauyi, ko hannu ya saki, ko ƙirji ya ɗaure, ba a jiran gari ya waye, ba a tsayawa hayaƙi. A nemi mota a kai shi likita nan take.

Yanzu hanyoyinki biyu. Kin ce in zaɓa miki ɗaya, ni kuwa ba zan zaɓi ko ɗaya ba.

Tsoron maigidanki ba girman kai ne zalla ba. Dillali da amanar mutane yake ci, kuma mutumin da ya gaji gurbin ubansa a tabarma ba a tayar da shi da tsawa. In kika tsare zaure, kin raba shi da abokansa, kin bar shi shi kaɗai da tunani, kuma rashin fitowar tasa zai yi shelar da ta fi ta baki. In kika bi gidaje a bayan idonsa, tukwane shida ba sa sauya ɗanɗano a ɓoye. Kwana biyu zai ji ciwonsa a bakin Issa. Fushinsa ba shi ne babbar asara ba. Asarar ita ce daga ranar zai fara ɓoye miki ke ma, ya ji jiri ya yi shiru, alhali yau ke kaɗai yake gaya wa.

Amma shi ma bai da gaskiya. Sannun da yake gudu, ta wannan hanyar ɓoyon take zuwa, kuma in ta zo ba ta tafiya. Mai hawan jinin da ke shan magani yana kula da cimarsa yana iya noma, yana iya kasuwa, shekara da shekaru, ba wanda zai ce da shi zauna inuwa.

Ga abin da na gani. Ba mata shida ake buƙata ba, mutum ɗaya ne: Baba Kailu, kuma daga bakin maigidanki zai ji, su biyu. Dattijon da ke kashe rikicin gona ya san riƙon sirri. Shi ke da ikon wane kwano za a fara buɗewa. A roƙe shi ya riƙa fara da naki, maigida ya ci ya ƙoshi tun yunwa na kansa, sauran kuma ya taɓa loma ɗaya ko biyu don zumunci, tuwo ya fi miya yawa. Ba wanda ke ƙirga lomar wani. Ke za ki rasa martabar kwanon ƙarshe, wannan ita ce taki sadaukarwar, kuma na san za ki iya. Sannan ki tuna, magidanta bakwai da suka manyanta, da wuya a ce shi kaɗai ne jininsa ya hau, shi ne dai aka auna. Idan dattijo ya ce ran kasuwa mu je duka a auna mu, zancen ya tashi daga ciwon mutum ɗaya ya zama na unguwa. A lokacin mazan da kansu za su ce wa matansu a rage gishiri.

In ya ƙi fa? Ki ba shi lokaci zuwa awo na gaba. In jinin bai sauka ba, ki gaya masa ido da ido cewa za ki je wurin Baba Kailu da kanki, ki faɗi ranar da za ki je, kuma ki je. Wannan ba cin amana ba ne, tunda a gabansa kika faɗa.

Sai dai ina zaton ba za ta kai ga haka ba, in kika yi abu ɗaya da na ga kamar ba ki yi ba tukuna. Kin yi masa zancen gishiri, kin yi masa zancen ƙwaya, kin yi masa zancen shayi. Duk wannan a kunnen namiji umarni ne, kuma irin maigidanki in ya ji umarni sai ya ƙara kafewa. Ki samu lokacin da gida ya yi shiru, yana shan furarsa, ki zauna kusa. Kada ki ambaci abinci ko sau ɗaya. Ki ce masa tsoro kike ji. Ki ce masa ba ki shirya zama ke kaɗai ba, kuma ba ki shirya kallonsa yana son yi miki magana ya kasa ba. In kuka ya zo kada ki tare shi. Daga nan ki bar shi ya nemo amsa da kansa, ko da zai kwana bai ba ki ita ba.

Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa, ya sassauta wa Zaidu, ya saka wa Basiratu da alheri. Ke kuma Allah ya ƙara miki ƙarfin zuciya, ya sa ku tsufa tare.

Tanti Haske